Faransis de Sales: Bishop ɗin da Ya Kai Ibada Gona da Kasuwa

A darasinmu na tarihin bayin Allah, yau za mu duba rayuwar Faransis de Sales, bishop na ɗarikar Katolika, wanda ya rayu daga 1567 zuwa 1622 a ƙasar Savoy, yankin duwatsu da ke tsakanin Faransa da Italiya da Suwizalan.

Ga abin da ya sa muka zaɓe shi. A ikkilisiyoyinmu na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa mukan ji manomi yana cewa zurfin ibada na fasto ne da dattawan ikkilisiya, shi kam daga gida sai gona. Mukan ji uwa mai 'ya'ya shida tana cewa sai yara sun girma za ta sami lokacin Allah. Rashin tsaro kuma ya ƙara wa abin nauyi. A ƙauyuka da dama an daina addu'ar dare, wasu sun bar gidajensu sun koma Funtua ko Malumfashi, wasu kuma ba su iya zuwa sujada kowace Lahadi saboda hanya. Wanda ya ɗauka cewa ibada a cikin ginin majami'a kaɗai take, to yau an raba shi da ita. Faransis ya ba da rayuwarsa wajen amsa wannan damuwa, shi ya sa tarihinsa zai amfane mu.

Wani zai tambaya, me ya haɗa mu da bishop na Katolika wanda ya yi jayayya da almajiran Yohanna Kalbin? Ba a kan kowace koyarwa muka yarda da shi ba, ba za mu kuma ɓoye inda ya yi kuskure ba. Amma a yankinmu sau da yawa gida ɗaya ne yake da ɗan Katolika da ɗan wata ɗarika, kuma wahalar da ta same mu ba ta tambayi sunan majami'ar kowa ba. Manzo Bulus ya umarce mu mu gwada kome mu riƙe mai kyau (1 Tasalonikawa 5:21). Da wannan ma'auni za mu karanta.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Faransis ran 21 ga Agusta, 1567, a gidan sarautar Sales kusa da garin Thorens. Shi ne ɗan fari, kuma bakwaini aka haife shi. Mahaifinsa mai sarauta ne, burinsa kuwa shi ne ɗansa ya zama babban masanin shari'a, ya zauna a majalisar ƙasa, ya ɗaukaka sunan gida. Saboda haka bayan karatun farko a La Roche da Annecy, aka tura shi birnin Paris, makarantar Clermont ta limaman Jesuit. Can ya koyi harsuna da falsafa, har da hawan doki da wasan takobi irin na 'ya'yan sarakuna.

A Paris ne ya shiga jarraba mafi tsanani a rayuwarsa. A lokacin malamai suna ta muhawara a kan ƙaddara, wato ko Allah ya riga ya ware waɗanda za su tsira da waɗanda za su hallaka. A ƙarshen 1586, yana ɗan shekara 19, tunani ya kama shi cewa shi yana cikin hallakakku. Ya kasa ci, ya kasa barci, ya rame, makonni suna wucewa. A farkon 1587 ya ja jiki ya shiga majami'ar Saint-Étienne-des-Grès, ya durƙusa gaban siffar Maryamu da ke wurin, ya yanke shawara ɗaya: ko mene ne ƙarshensa, zai ƙaunaci Allah a wannan rai muddin yana numfashi, sauran kuma ya bar wa Allah. Da ya tashi, nauyin ya sauka daga zuciyarsa.

Wannan abu ya bi shi har mutuwa. Mutumin da ya taɓa ɗanɗana tsoron cewa Allah ya yashe shi ba ya iya tsoratar da wasu da sunan Allah. Duk wa'azinsa da wasiƙunsa na baya sun tsaya a kan cewa Allah ƙauna ne, kuma yana son kowa ya tsira.

Daga Paris ya wuce jami'ar Padua a Italiya a 1588, ya fito da digirin dakta a dokokin ƙasa da na ikkilisiya. Da ya dawo gida, ya tarar mahaifinsa ya shirya masa kujera a majalisar Savoy da ke Chambéry, ya kuma nemo masa 'yar masu arziki. Faransis ya ƙi duka biyun, amma bai yi wa tsohon tsaurin ido ba. Ya jira har wani ɗan'uwansa, Louis de Sales, ya samo masa muƙamin shugaban limaman babbar majami'ar Jeneba, muƙamin da ke bin na bishop. Da wannan ne mahaifin ya haƙura. Aka naɗa shi firist ran 18 ga Disamba, 1593.

Shekaru huɗu a Chablais

A lokacin birnin Jeneba yana hannun mabiyan Kalbin, don haka bishop na Katolika yana zaune ne a Annecy. Yankin Chablais, a kudancin tafkin Jeneba, ya yi kusan shekara 60 yana bin koyarwar Furotesta tun da mutanen Bern suka ci shi da yaƙi a 1536. Da yankin ya koma hannun sarkin Savoy, sai ya nemi a aiko masu wa'azi. Faransis ya miƙa kansa. Mahaifinsa ya yi fushi, ya ce ɗansa zai je ya mutu ne, ya hana shi guzuri.

A watan Satumba 1594 ya shiga yankin tare da Louis. Suna kwana a ganuwar sojoji ta Allinges, da safe ya taka zuwa garin Thonon ya yi wa'azi. Manyan gari suka hana mutane sauraronsa. Sau da yawa mutane ƙalilan ne a gabansa. An yi yunƙurin kashe shi. Ya yi tafiya cikin ƙanƙara har ƙafafunsa suka tsage. Da ya ga mutane ba za su zo ba, sai ya soma rubuta gajerun takardu na koyarwa, ana kwafa ana turawa ta ƙarƙashin ƙofofin gidaje. Wanda yake jin tsoron a gan shi wurin wa'azi yana iya karantawa a ɗakinsa. A Kirsimetin 1596 ya yi sujadar Mass a fili a Thonon. A 1597 ya shiga Jeneba ya zauna da Theodore Beza, magajin Kalbin, suka tattauna cikin girmama juna, ko da yake ba wanda ya sauya ra'ayin wani.

A nan dole mu faɗi gaskiya. A 1598 sarkin Savoy, Charles Emmanuel, ya zo Thonon da kansa, aka kori waɗanda suka ƙi komawa Katolika daga ƙasar. Shi ma Faransis bai kuɓuta daga tunanin zamaninsa ba, domin ya nemi sarki ya fitar da fastocin Furotesta daga yankin. Wannan kuskure ne. Mu da muke 'yan tsiraru a jiharmu mun san ɗacin a matsa wa mutum saboda bangaskiyarsa. Abin koyi a Chablais shi ne shekarun da ya yi yana taka ƙasa shi kaɗai, ana zaginsa yana amsawa da ladabi. Takobin sarki ba ya cikin abin da za mu ɗauka.

Bishop mai koyar da yara

An naɗa shi bishop na Jeneba ran 8 ga Disamba, 1602, yana da shekara 35. Ya rage ma'aikatan gidansa, ya sauƙaƙa cinsa da suturarsa. Shi da kansa yake koya wa yara tushen bangaskiya a Annecy, har manya suka riƙa zuwa suna zama a baya. Ya zagaya ikkilisiyoyin da ke kan duwatsu, inda doki ma da ƙyar yake hawa. Akwai wani kurma mai suna Martin wanda kowa ya ɗauka ba zai iya koyon kome ba. Faransis ya ɗauke shi gidansa, ya koya masa bangaskiya da alamun hannu har ya isa karɓar Jibin Ubangiji.

Waɗanda suka san shi sun shaida cewa mutum ne mai sanyin hali. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, da zafin zuciya aka haife shi. Shekara da shekaru ya yi yana kokawa da fushinsa kafin ya iya riƙe shi. Wannan ya kamata ya ƙarfafa duk wanda yake cewa haka Allah ya yi shi, ba zai iya sauyawa ba. Tawali'un da Yesu ya kira mu mu koya daga gare shi (Matiyu 11:29) abu ne da ake koyo, kamar yadda yaro yake koyon riƙe garma.

Gwauruwar Dijon

A lokacin azumin 1604 ya je wa'azi birnin Dijon, inda ya sadu da Jeanne de Chantal. A 1601 wani abokin mijinta ya harbe shi bisa kuskure a wurin farauta. Mijin ya yafe kafin ya cika, amma ita ta kasa. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ba ta kai shekara 30 ba. Surukinta kuma ya tilasta mata ta koma gidansa, in ba haka ba zai hana jikokin gado. Ta yi shekaru a gidan tana shan wulaƙanci daga matar da ke riƙe da gidan.

Faransis bai ce mata ta tashi yau ta je ta rungumi wanda ya harbi mijinta ba. Ya ce ba sai ta neme shi ba, amma ta shirya zuciyarta, in Allah ya haɗa su ta gaishe shi da tausayi ko da zuciyar tana bugawa. Haka ya bi da ita sannu a hankali, ta wasiƙu, har ranar da ta tsaya a matsayin uwar baftisma ga ɗan mutumin nan.

Muna da gwauraye da marayu a kowace ikkilisiya ta yankin nan, kuma nasu ya fi na Jeanne ciwo, gama ba kuskure ne ya kashe mazajensu ba. Kada mu ɗora musu gafarar dole a ranar jana'iza. Gafara umarnin Ubangiji ce, ba mu da ikon soke ta, amma rauni yana da lokacin warkewa. Gafara kuma ba ta hana hukuma yin shari'a. Abin da take hanawa shi ne ƙiyayya ta yi gida a zuciya har ta wuce ga 'ya'ya. Aikin zumuntar mata da dattawa shi ne su zauna kusa da irin waɗannan 'yan'uwa shekara da shekaru, yadda Faransis ya yi.

Ran 6 ga Yuni, 1610, shi da Jeanne suka kafa ƙungiyar mata masu zaman ibada a Annecy, suka sa mata sunan ziyarar da Maryamu ta kai wa Alisabatu. Sun buɗe ƙofa ga gwauraye da marasa ƙarfin jiki, waɗanda sauran gidajen ibada ba sa karɓa saboda tsananin dokokinsu. Da farko matan suna fita duba marasa lafiya, amma babban bishop na Lyon ya nace sai sun zauna a kulle bisa al'adar lokacin, Faransis kuwa ya sauka daga ra'ayinsa. Kafin Jeanne ta rasu a 1641, gidajen ƙungiyar sun wuce 80.

Littafin da ya fito daga wasiƙu

Faransis ya rubuta wasiƙu masu yawan gaske, sama da 2,000 suna nan har yau. Cikin waɗanda yake yi wa jagora akwai Madam de Charmoisy, matar wani danginsa, mai hidimar gida da ta fada. Shawarwarin da ya rubuta mata ne aka tattara, ya gyara, suka zama littafin da ya fito a 1609, wanda ma'anar sunansa ita ce Gabatarwa ga Rayuwar Ibada. A lokacin yawancin littattafan ibada domin waɗanda suka bar duniya suka shiga gidajen sufaye ake rubuta su. Shi kuwa domin masu aure da sojoji da masu sana'a ya rubuta nasa. Nan da nan aka juya shi zuwa harsunan Turai, har 'yan Furotesta suka karanta. A 1616 ya fitar da na biyu, mai zurfi, a kan ƙaunar Allah.

Ga abubuwa biyar daga koyarwarsa da suka shafe mu kai tsaye.

Na ɗaya, ibada tana bin matsayin da Allah ya ajiye mutum. Yadda kowane itace yake ba da 'ya'ya irin nasa, haka ibadar bishop dabam take da ta magidanci. Uwar da ta bar jariri yana kuka domin ta daɗe a addu'a ta yi kuskure, haka ma manomin da ya bar ciyawa ta cinye masararsa da sunan taron majami'a. Ibadar gaskiya tana gyara aikin mutum. Wannan ya yi daidai da Kolosiyawa 3:23.

Na biyu, ya ba da tsarin yini mai sauƙi. Da asuba ka gode wa Allah, ka hango abin da ke gabanka a ranar, da inda jarraba za ta iya tare ka, ka yanke shawara takamaimai. Cewa za ka zama mutumin kirki bai isa ba. Ka ce yau in na haɗu da wane, wanda muka yi rikicin iyakar gona, ni zan fara gaishe shi. Ka ɗauki tunani ɗaya daga Maganar Allah ka riƙe shi duk yini. A tsakiyar aiki ka riƙa komawa cikin zuciyarka na ɗan lokaci, kana jefa gajerun addu'o'i ga Allah. Ya ce in larura ta hana doguwar addu'a, waɗannan gajerun suna iya cike gurbinta. Da dare ka binciki yininka, ka gode, ka tuba. Mai gudun hijira da ke kwana a ɗakin aro yana iya yin wannan duka. Ba wanda zai iya tare masa wannan hanya.

Na uku, ya fi daraja ƙananan halaye na kullum a kan manyan ayyukan da ba safai ake samun damarsu ba. Ya gargaɗi mai azumin da zuciyarsa ke cike da gaba, da mai ba da sadaka wanda ba ya biyan bashi. Ya ba 'yan kasuwa ma'auni: in kana saye ka sa kanka a matsayin mai sayarwa, in kana sayarwa ka sa kanka a matsayin mai saye. Wanda ya shiga kasuwar Sheme da wannan tunani ba zai danne ƙasan mudu ba, ba zai kuma karya farashin ɗan'uwan da yake sayar da sansa cikin gaggawa don ya fanshi ɗansa ba.

Na huɗu, ya ɗauki ɓata suna a matsayin wani irin kisan kai, ya kuma ce wanda ya ɓata sunan wani dole ya gyara abin da ya ɓata. A wurinmu wannan ya wuce misali. Kalma ɗaya, a ce wane yana kai wa 'yan bindiga rahoto, ta isa ta sa a kashe mutum ko a kori iyalinsa daga gari. Magana zarar bunu ce. In kana da shaida, ka kai wa hukuma. In ji ka yi kawai, ka rufe bakinka, kada kuma ka ba mai faɗa kunne.

Na biyar, ya ce bayan zunubi ba abin da yake cutar da rai kamar alhini. Ya kwatanta mai alhini da tsuntsun da ya faɗa tarko, yana ta fuffuka yana ƙara ɗaure kansa. Ba cewa ya yi mutum ya zauna ya naɗe hannu ba. A yi abin da ya kamata da natsuwa, ɗaya bayan ɗaya, a kuma faɗa wa amintaccen mai bi abin da ke damun zuciya. Iyayen da suka yi kwanaki ba barci a Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sun san irin wannan tarko. Ya ƙara da cewa mutum ya yi haƙuri da kansa ma. In ka faɗi, kada ka yi fushi don ka yi fushi. Ka tashi a hankali, ka tuba, ka ci gaba, kamar yadda uba mai hikima yake tsawata wa ɗansa ba tare da ya karya masa zuciya ba.

Ƙarshen kwanakinsa

A 1618 da 1619 yana Paris, inda ya yi abota da Vincent de Paul. An yi masa tayin zama mai jiran gadon bishop na Paris, ya ƙi, ya koma wa talakawansa na kan duwatsu. A ƙarshen 1622, jikinsa ba ƙarfi, sarkin Savoy ya kira shi ya raka shi Avignon. A hanyar dawowa suka tsaya a Lyon. Manyan gari suna ta ba shi masauki, shi kuwa ya zaɓi ɗakin mai kula da lambu a gidan matan ƙungiyarsa. A nan ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu ran 28 ga Disamba, 1622, yana da shekara 55. An binne shi a Annecy ran 24 ga Janairu, 1623, ranar da 'yan Katolika suke tunawa da shi a yanzu.

Paparoma Alexander na Bakwai ya sa shi cikin waliyyai a 1665. A 1877 aka ba shi matsayin babban malamin ikkilisiya, a 1923 kuma aka mai da shi abin koyin marubuta da 'yan jarida, saboda takardun nan na Chablais. Ƙungiyar Salesian da Don Bosco ya kafa a 1859 domin tarbiyyar matasa sunansa ta ɗauka. Abin da ya koyar, cewa an kira kowane mai bi zuwa ga tsarki, shi ne babban taron bishop-bishop na Vatican na Biyu ya jaddada tsakanin 1962 da 1965. Mu ma mun san shi daga 1 Bitrus 2:9.

Abin da za mu yi a wannan mako

'Yan'uwa, kada mu karanta mu ajiye. Kowa ya zaɓi abu ɗaya. Wani ya soma tashi minti goma kafin fita gona, ya miƙa yinin ga Allah. Wata ta daina maimaita labarin da ba ta tabbatar ba. Wani ya je ya biya bashin da ya daɗe yana kauce wa mai shi. Dattawa su rubuta sunayen gwaurayen ikkilisiya, a raba wanda zai riƙa duba kowacce. Shugabannin ƙungiyoyi kuma su karanta wannan darasi ga waɗanda ba su iya karatu ba, su aika wa 'yan'uwanmu da suka yi hijira, domin su san cewa nisa da majami'arsu bai raba su da Ubangiji ba.

Allah na salama ya tsare ƙauyukanmu, ya ta'azantar da masu makoki, ya komo da waɗanda ke hannun mugaye, ya koya mana mu bauta masa a inda ya ajiye mu, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.